Hannun Raki a Cikin Burodi

Ranar da na kai Raki asibiti, ni na fara shan kunya. Ina shiga ɗakin na ga kyamara a kan ƙafa uku, na cire hula, na washe baki. Sai ga kaina a allo kamar gasasshiyar kabewa, hanci shuɗi, sanƙo ja wur. Nas ta ce, "Baba, matsa. Ba kai ne marar lafiyar ba, ko da yake akwai alama."

Raki ɗan kawuna ne, abokin wasana, kuma ni na laƙa masa sunan. Shekara ashirin da biyu yana kwaɓa fulawa a gidan burodin da nake wa direba. Mutum ne marar surutu, mai kafaɗa kamar ƙyaure. Da ya dafa kwaɓi ya san ko ruwa ya yi yawa. Shekara shida da suka wuce injin murza kwaɓi ya kama masa hannun dama. Aka ɗinke, ƙashi ya haɗe, tabo ya bushe, ciwo ya ce yana nan. Ko hannun riga ne ya goge shi, sai ya ji kamar ana caka masa allura ɗari.

Mu kuwa muka samu abin dariya. Masu gasa burodi in za su wuce sai su ɗan buge hannun da tire, su ce, "Afuwan, amarya." Matarsa ta daina tambayar ya jiki. Ni da wannan hannun nake gaisawa da shi kullum, in matse, in jira ya runtse ido.

Mai gidan burodin ya gaji da kwaɓin hannu ɗaya. Ya ce ko dai Raki ya kawo takardar likita mai nuna ciwon, a mayar da shi teburin saka burodi a leda, ko kuma ya nemi wani wurin. Likita ya ce akwai kyamara mai ganin ɗumin fata, in hannayen biyu suka bambanta zai rubuta. Aka ba shi rana bayan wata uku, aka kafa masa sharaɗi: kada ya shafa komai, kada ya tsoma hannun a ruwan ɗumi, kada ya shanya shi a rana.

Da safiyar ranar muna cikin mota, Raki ya rungume hannun a ƙirji. Na taɓa, na ji shi sanyi ƙalau.

"Kai, da wannan ƙanƙarar za ka je? Injin nan ja yake nema. In bai ga ja ba ka kaɗe."

"Sun ce kar in ɗumama shi."

"Ruwa suka ce. Ka ji sun ambaci burodi?"

Na miƙa hannu baya na zaro babban burodi, fitowarsa daga tanda ke nan, na huda gefe. Ya daɗe yana kallonsa. Ya tuna 'ya'yansa biyar da teburin leda, ya cije leɓe, ya zura hannun ciki har wuyan hannu. Hawaye na zuba, ni ina ba shi labari. Da wannan ya huce na huda wani, har muka iso.

Aka zaunar da shi a ɗaki mai sanyi na ɗan lokaci, sannan ya shimfiɗa tafukansa a kan baƙin ƙyalle. Manaja, wanda mai gida ya turo ya gani da idonsa, yana tsaye a bayansa. Hannaye biyu suka fito a allo, launi ɗaya, kamar tagwaye.

Likita ya ɗaure fuska. "Da na duba shi kwanan baya, wannan ya fi ɗan'uwansa sanyi sosai. Sanyin na so hoton ya nuna. Ka sa shi a wani abu?"

Raki ya dube ni. Ni na dubi silin. In ya ce e, ya zama mai maguɗi a gaban manaja. Ya ce a'a.

Likita ya ce a sake dawowa bayan wata uku. Mai gidan burodi bai jira ko mako ba ya sallame shi.

Yanzu Raki gadi yake yi a ƙofar wani sito, a kan benci mai ƙafa ɗaya ta bulo. Kwanan baya na tsaya da mota, na ce, "Kai ma da sakarci. Me ya hana ka faɗa wa likita gaskiya?"

Bai ko tashi ba.

"Shekara shida ina faɗin gaskiya kuna dariya. Sau ɗaya na yi ƙarya, ita ma a wurinka na aro. Ja motarka, kana tare mini ƙofa."