Fadamar da Ta Yi Kore a Kwamfuta

Kausara 'yar Malam Isiyaku ce, mai goro a Zongon Wagadugu. Kakanninta fatake ne, amma ita lekwal, wato boko, ta bi har jami'a, inda ta karanta ilimin ƙasa. Abin da ta ƙware a kai shi ne zana taswira a kwamfuta. Sai ta ɗauko hoton ƙasa na tauraron ɗan adam, ta ɗora masa hanyoyin ruwa, ta ɗora itatuwa da gidaje, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har a ga inda ya dace a yi gini da inda ya kamata a bar wa ruwa da tsuntsaye. A wurin aiki SIG suke kiran abin. Babanta kuwa yakan ce wa abokan ciniki, "Kausara daga sama take duban ƙasa."

Ta samu aiki a wani biro, wato ofis, mai zaman kansa a unguwar Paspanga. Ranar da patron ɗinta, wato shugaban biron, Misiye Rasmane, ya ce za a yi taswirar fadamar da ke bayan Zongo don a kare ta, murna ta kama ta. Can ta tsinci ɗorawa tana yarinya, can ta fara ganin kada yana shan hantsi. Patron ya ba ta hoto, ta zana, allon ya cika da kore shar. Da ta gama sai ta hau babur ɗinta, moto, da na'urar GPS, ta je ta gwada zanen da ƙasa.

Tun kafin ta isa wari ya tare ta. Wata tankar kwasar masai ta juya baya a bakin ruwan, tana amayar da baƙin kaya. Inda taswirarta ta ce kurmi ne, kututture ne kawai, da duwatsun iyakar filaye da aka shafa wa jan fenti. Kifaye sun kumbura suna yawo cikin leda, tsutsa na motsi a jikinsu.

"Madam, matsa kada ya fallatsar miki," in ji direban tankar.

"Wa ya ba ku izinin zubarwa a nan?"

Ya yi dariya. "Izini? Nan kowa ke zubarwa."

Ƙasa kaɗan ta hangi mata masu lambu suna ɗibar ruwan nan suna ba salak. Kausara ta durƙusa gefen moto ta yi amai.

Da ta koma biro ta binciki hoton, ta tarar tsoho ne, na shekarun baya. Ta sauko da sabo ta kai wa patron.

"Patron, fadamar nan ta mutu rabi. Duba."

Ko kallon allon bai yi ba. "Na sani, 'yata. Masu ba da tallafi kore suke son gani. Wa zai taimaki juji? Yi aiki da tsohon."

"To duwatsun filayen fa?"

"Wannan ba layinki ba ne."

Ta ce hannunta ba zai zana ƙarya ba. Bai yi faɗa ba, ya dai miƙa aikin ga Hafizu, abokin aikinta, wanda ya ƙara wa taswirar kore har da inda babu.

A wani otel aka yi taron gabatarwa. Aka haska taswirar a bango, baƙi suka tafa, wani ya tashi ya yi dogon bayani kan tsuntsayen da suka daɗe da ƙaura. Kausara na zaune a baya tana kallo. Da aka kawo abinci ta ga faranti cike da salak, sai ta ɗauki jakarta ta fita. Ba ta sake komawa biron ba.

A gida babanta ya ce, "Kausara, aiki ba ya samuwa a titi."

"Baba, ka taɓa sa ruɓaɓɓen goro a ƙasan kwando ka rufe da mai kyau?"

Malam Isiyaku ya ce, "Allah ya sauwaƙe."

Ta koma unguwar Zogona tana koya wa ɗalibai SIG a wani ɗan shago. Taswirar gaskiyar kuwa ta buga ta, ta kai wa dattawan masallaci da matan lambu. Suka haɗu suka toshe hanyar tankoki da duwatsu. Ba a yi wata ba tankokin suka fasa wata hanya ta yamma. Filayen ma aka gine su ɗaya bayan ɗaya.

Da damina ta kankama, ruwa ya bi tsohuwar hanyarsa, ya shiga sababbin gidajen, baƙi ƙirin da shi, ɗauke da duk abin da aka zuba masa. Masu gidajen suka zo ƙofar Malam Isiyaku suna neman Kausara ta zana musu inda ruwan ya ci, su kai kukansu meri, ofishin magajin gari. Cikinsu har da ƙanin Misiye Rasmane, wandonsa naɗe zuwa gwiwa.

Ta dube shi, ta tsirtar da miyau gefe. Sannan ta ɗaure hanci da gyale, ta ce su wuce gaba su nuna mata.