Ɗigon da Kowa Ya Ce Bai Gani Ba

A gidanmu makanta tana bin jini. Kakata ta wajen uba, wadda aka sa mini sunanta, da sanda a hannu ta ƙarasa rayuwarta. Babana kuwa ganinsa ya tafi tun kafin a rufe masaƙar da muke aiki ni da shi a Kakuri. Ya sha ba mu labarin yadda abin ya fara masa. Wata safiya ya buɗe Littafi Mai Tsarki, sai ya ga ɗan baƙin ɗigo a kan farar takarda. Daga wannan ɗigon duhu ya yi ta faɗi har ya rufe masa komai. Likita ya ce an makara, ya kuma ce 'ya'yansa su riƙa lura da idanunsu. Na ji maganar sarai, amma na tura ta can inda nake tura abubuwan da ba na son tunawa.

Da aka sallame mu daga masaƙa, sai na buɗe ɗan shago a nan Kakuri ina buga wa mutane takardu a kwamfuta. A shekarun ne sojoji suka koma bariki, 'yan siyasa suka ɓarko kamar shinge bayan ruwan fari, kowa yana son a buga masa jawabi da katin gayyata. Aiki bai yanke mini ba. Da shi nake riƙe da Baba, wanda yake zaune tare da ni a Romi, da 'ya'yana biyu, don mijina ya riga mu gidan gaskiya. Duk gidan da idona muke ci.

Tsohuwar monitata irin mai ƙatuwar ƙeyar nan ce, ga zafi, ga rawar rubutu idan janareto ya yi tari. Ƙanena, autanmu, ni na riƙe shi har ya gama makaranta. Da ya samu aiki a ofishin wani kansila, sai ga shi wata Asabar da kwali a kafaɗa, yana murmushi har kunne. Sabuwar monita ce ya sayo mini, siririya, ba ƙeya ba tudu, irin wadda a lokacin sai a banki ake ganinta.

Mu kuwa ba ma fara amfani da sabon abu sai an sa masa albarka. Na aika aka kira matan zumuntar cocinmu, na kira maƙwabciyata mai sayar da abinci, wata mutuniyar Filato da duk layin ke kira Mama. Shagon ya cika har bakin ƙofa. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka shafa kan ƙanena ana cewa Allah ya ba mu irinsa. Shi kuma ya jona wayoyi ya kunna, ya buɗe farin shafin da nake rubutu a kai, ya ja baya yana cewa, "Yaya, zauna ki ɗana."

Na zauna. Hasken ya yi kyau ƙwarai. Amma can sama ta hannun dama, a kan farin, na ga ɗan baƙin ɗigo wanda bai kai ƙwayar gero ba.

Na sa bakin zanena na goge wurin. Yana nan. Na daure na yi dariya, na nuna wajen da haɓa na ce, "Jama'a, kun ga wani abu a nan kuwa?"

"Wane abu?" in ji shugabar zumunta. Ta sunkuyo ta duba, ta miƙe. "Tas yake. Allah ya sa albarka."

Na juya wajen Mama. Ta matso har numfashinta yana taɓa allon, ta ce, "Ni ban ga komai ba. Kaya ya yi kyau, ki gode wa Allah."

Na ce wa ƙanena, "Kai fa?"

"Haba Yaya, daga kwali fa na ciro shi. Babu komai."

Duk wadda na kalla sai ta girgiza kai. Mata cike da shago, har da masu tabarau, babu wadda ta ga abin da nake gani. Aka raba lemo da cincin, ni ma na karɓa.

Bayan sun watse na saki labule na zauna ni kaɗai. Na rufe idon hagu, ɗigon yana nan. Na rufe na dama, yana nan. A raina na ce shi ke nan, duka biyun ne, kamar na Baba. Mai hankali a kwance zai gwada wata dabarar, amma ni hankalina ba a kwance yake ba, kuma gaskiya ba na son ƙarin gwaji. Tsoron amsar nake yi. Na kashe monitar, na rufe ta da tsumma.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. In na zo aiki sai in sunkuyar da kai, in kafa ido a ƙasan shafi, ina gudun wannan kusurwar. Amma rubutu yana hawa, dole ido ya bi shi, sai in ci karo da ɗigon. Ni da ake yaba wa da rashin kuskure, na buga wa wani ɗan takara jawabi na tsallake masa layi guda, ya zo ya zazzage mini faɗa a gaban mutane. Daga baya ma na fara ganin ɗigon a inda babu monita. In ga shi a farar takarda, in ga shi a tuwon shinkafa, in na ƙifta ya ɓace. Baba ya taɓa cewa nasa ma da farko zuwa yake yana tafiya.

Asibitin ido bai gagare ni zuwa ba. Ƙafata ce ta ƙi. A ganina muddin likita bai furta ba, akwai sauran rana. Ban kuma gaya wa kowa ba. Ƙanena zai ce kyautarsa nake kushewa, yara za su tsorata, Baba kuwa ban san da wane baki zan gaya masa cewa mai ja masa hannu ita ma tana hanya ba. Sai na riƙa kallon fuskar 'ya'yana ina ƙare musu kallo har ƙaramar ta ce, "Mama, me na yi?" Ina tunanin wa zai riƙe su, wa zai kai Baba bayan gida, wa zai ɗauki makafi biyu a gida ɗaya.

Sai na fara wani abu da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi. Da safe in yara sun tafi makaranta, sai in rufe idona in gwada tafiya daga ɗakina zuwa madafa, ina bin bango da hannu. Ina so in koya tun da sauran gani. Ina laluben tulu, ina laluben ashana, ina gwada zuba ruwa a kofi ba tare da ya zube ba.

Wata safiya ina cikin haka, sai na ji muryar Baba daga tabarmarsa a baranda. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa da nake ɗauke da shi.

"Uwata, zo nan."

Na buɗe ido na je na durƙusa.

"Wa ke jan hannu a bango?"

Na ce, "Yanar gizo nake sharewa, Baba."

"Ba a share yana da tafin hannu. Tafiyar nan tawa ce, na san ƙararta. Ba yau kika fara ba kuma. Gaya mini."

Nan kuka ya ƙwace mini. Na gaya masa komai, da ɗigon, da matan zumunta, da yadda kowa ya ce bai gani ba. Ya saurare ni har na gama. Can ya ce in ɗauko masa hularsa da sandarsa, in kai shi shagon.

Muka shiga bas zuwa Kakuri. Na zaunar da shi a bencin masu jiran aiki, na cire tsumman, na kunna monitar, na buɗe farin shafi.

"Kina ganinsa?"

"Ina gani."

"To, ɗauko farar takarda ki riƙe a gefe. Kai idonki kanta. Ya biyo ki?"

Na kai idona. Takarda fara fat. Na ce, "Bai biyo ba."

"Kada ki gaya mini abin da zai yi mini daɗi. Duba sosai. Kalli bango. Kalli ƙofa."

Na kalli bango, na kalli ƙofa, na kalli farar rigarsa. Babu komai. Na dawo da ido kan allon, ga shi can a kusurwarsa, bai motsa ba.

Baba ya ce, "Nawa bai taɓa zama wuri ɗaya ya jira ni ba. Duk inda na kai ido yana gabana. Ɗora yatsa a kansa."

Na ɗora. Ɗigon ya ɓuya a ƙarƙashin yatsana. Na ɗaga, ya fito. Na mayar, ya ɓuya. Na zauna a kujera ina maida numfashi.

Amma Baba bai gamsu ba. Ya ce in kira masa Mama. Ta shigo tana goge hannu a zane, ta durƙusa ta gaishe shi.

Ya ce, "'Yata, ni makaho ne, aron idonki nake so. Duba allon nan ki gaya mini tsakaninki da Allah. Akwai ɗigo ko babu?"

Mama ta sosa ƙeya. "Akwai, Baba. Ga shi nan a sama."

Na ce, "Mama, yaushe kika fara ganinsa?"

"Ai tun ranar nan. Duk mun gani. Har mun yi maganarsa a hanya, muka ce an cuci yaron nan, an sayar masa da mai tabo." Ta ga yadda fuskata ta canza, ta rage murya. "To Anti, ya za mu yi? Yaro ya yi ƙoƙari ya kawo kyauta, yana tsaye, bakinmu bai bushe da addu'a ba, sai mu ce kayan da aibi? Ke ma in ke ce ba za ki faɗa ba."

Na so in ɗaga kujera in maka mata. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ta faɗa, haka muke yi, kuma don alheri muke yinsa. Da aka nemo ƙanena, shi ma ya amsa cewa ya gani tun da ya kunna, kunya ce ta hana shi faɗa a gaban mata.

Shi ya je ya zo da wanda ya sayar masa, wani Ibo mai shagon kayan kwamfuta wanda ya iya Hausa kamar a nan aka haife shi. Mutumin ya duba ya ce, "Madam, wannan ba datti ba ne. Allon nan ƙananan fitilu ne jere da juna, ɗaya ce ta mutu." Ya naɗe murfin biro da tsumma ya danna wurin a hankali, ya murza, ya ɗan ƙwanƙwasa. Ya sa wani faifai da ya riƙa walƙiya da ja da kore da shuɗi har idona ya gaji. Ɗigon ko gezau. Ya ce da ja ne ko kore, maƙalewa ya yi, wani lokaci yakan farka, amma baƙi ya mutu ke nan, kuma masu ƙerawa ba sa karɓar kaya saboda ɗigo ɗaya. Ya shirya jin masifa, don ya san matan Kakuri. Sai na ce masa ya bar shi kawai, na gode. Ya fita yana waiwayena.

Baba ya sa na yi masa alkawarin zuwa asibitin ido a makon, kuma na je. Amma a ranar da na kai shi shagon, da muka rufe muka tsaya jiran bas, sai na ji ya ɗora hannunsa a kafaɗata. Ban taɓa jin Baba ya yi ƙorafi a kan makantarsa ba, ko da wasa. A bakin titin nan ya ce mini a hankali, "Uwata, ban taɓa jin zafin rashin ido ba kamar yau. Ina jin ki kina lalube, ni kuma ba halin in buɗe idonki in duba."

Da bas ta zo ya ce wa kwandasta a bar ni in zauna bakin taga. Muna tashi ya taɓa ni.

"Me aka rubuta a shagon da muke wucewa?"

Na karanta masa. Mai gyaran taya ne.

"Na gaba fa?"

Na karanta.

"Waɗannan manya ne. Nemi ƙaramin rubutu. Na can nesa, tsallaken titi."

Na nemo wani allo na mai sayar da maganin kaji, na karanta masa har da ƙananan layukan ƙasa. Na karanta rubutun bayan tifa, da na jikin bangon makaranta, da lambar motar da ta sha gabanmu. Fasinjoji suka fara juyowa suna kallonmu, wata mata tana dariya ƙasa-ƙasa. Baba bai kula su ba. Duk wanda na karanta daidai sai ya gyaɗa kai ya matse hannuna ya ce in nemo wani. Hawaye suna bin gemunsa bai share ba, kuma bai bar ni na huta ba har muka sauka a Romi.