Ranar da Iya ta kai bindigar Malam maƙera

Nan Wangsa Maju, unguwarmu a ƙasar 'yan Malay, in ruwan yamma ya sauko ya hana yarana sauka filin wasa, nakan tara su a falo in ce za a yi hira. Babbar takan ce, "Ummi, short one, lah." Sai in yi dariya, don mu a ƙauyenmu na gefen dajin Falgore roƙo muke a ƙara tsawo.

A can, tsakanin magariba da isha ake yi. Iya, kakata, takan sauke tuwo ta bar garwashi a murhu, mu jera masara a kai. Malam, kakanmu, yana ƙofar ɗakinsa da carbi, wai shi ba ya sauraro.

Labarin da muka fi so shi ne na bindigar Malam. Shi mafarauci ne. Yana da bindigar da wani Bature ya bar masa, mai hannun ƙarfe a ƙasa, a ja shi a mayar, harsashi ya shiga. A ƙa'idar mafarautan lokacin, mace ba ta taɓa makami, wai sa'a za ta gudu. Camfi ne, Allah ya yafe musu, amma sun riƙe shi gam.

"Ni da nake share ɗakin," in ji Iya, "kunnena ya fara ji. In ya rataye ta sai in ji ƙwas. Na duba da ido, bututun yana rawa a inda ya haɗu da jikinta. Na ce Malam, bindigar nan na girgiza. Ya ce in je in duba miyata."

"Kuma miyar ta yi gishiri ranar," Malam ya jefo daga ƙofa.

"Au, ashe kana ji? Ja carbinka."

Ya naɗe wurin da tsumma ya ce ya gyaru. Ga shi washegari za a fita farautar shekara. Iya ta ce kasa cin abinci ta yi, domin ta san wani a garinsu da bindiga ta fashe masa, ya ƙare rayuwarsa ana ja masa sanda.

Da ya tafi sallar la'asar, ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin maratayi, ta ɗora bargo, ta ɗauki muciya ta zunguro bindigar a hankali har ta kwanta. Ta naɗe, ta aza a ka, sai maƙera. A nan takan miƙe ta gwada mana tafiyar, wuya a sanƙare, tana salati, mu faɗi muna dariya har masara ta ƙone.

Audu maƙeri ya ce sai kwana uku. Aka tafi farauta ba Malam. Kwana ukun nan ko gaisuwarta bai amsa ba, tuwonta ma mayarwa yake, ya je gidan ƙanwarsa ya ci.

Rana ta huɗu Audu ya zo da kansa. Ya ajiye wa Malam tsohuwar ƙusar da ke riƙe bututun, ta cinye ta koma kamar tsinke. Ya ce, "Harbi ɗaya ya rage, wutar ta dawo maka fuska."

"Sai me ya ce, Iya?" mukan tambaya, ko da mun sani.

"Ya daɗe yana kallon ƙusar. Sannan ya kira sunana ya ce, Tabawa, akwai sauran tuwon jiya?"

"Yunwa ce kawai," in ji Malam. "Ke amarya," ni yake nufi, "kar ki koyi halin kakarki."

Ina yarinya, wayon muciyar ne ya burge ni. Sai da na zama matar gida na gane inda nauyin yake: Iya ta san zai yi fushi, ta yarda ta ɗauki fushin don ya tsira da idanunsa.

Watan jiya na ga ƙarfen tagar ɗakin yara yana motsi, ga mu a hawa na goma sha biyu. Abbansu ya ce in bari ya gama aikin da supervisor ɗinsa ya ba shi. Na kulle ɗakin, na kira mai gyara da ɗan yaren Malay ɗina na kasuwa, ya zo ya gyara ƙarfen. Abbansu ya dawo ya ɗaure fuska, wai na nuna wa maƙwabta bai kula da gidansa ba. Na ba shi haƙuri da zuciya ɗaya, na zuba masa abinci. Ina jin yaran, Hauwa da Sadiq, suna tsalle a kan gado kusa da tagar, ban ko tashi na leƙa ba.