Dabino a Hannun Hagu: Jinjina ga Baba Harouna

Kafin rana ta fito ta fara gasa Riyad, Baba Harouna ya riga ya buɗe famfunan ban-ruwa. Yana idar da sallar Asuba zai naɗe ƙafar wando, ya shiga filin ciyawar da ke tsakiyar gidajen manyan ma'aikatan kamfaninmu, can kusa da Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Ba ya sa takalmi, wai tafin ƙafa ya fi ido sanin inda ƙasa ta ƙoshi da inda take jin ƙishi. Ya tuge ciyawar banza, ya cike ramukan da kuliyoyi suka tona, ranar Alhamis kuma ya ɗauko bokitin farin fenti ya ja layuka. A iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, mai aikin lambu aka rubuta. A wurinmu kuwa, mu leburorin da motar kamfani ke kwasowa daga Birnin Masana'antu na Biyu duk Juma'a, kocinmu ne.

Ƙarshen watan nan zai yi huruj na ƙarshe, wato fita ba dawowa, ya koma Damagaram. Shi ya sa na daure na zauna na rubuta wannan, ni da zaman aji ma ya gagare ni tun ina sakandare.

Wasan da muke yi ƙwallon Amurka ne. Ƙwallon kamar gwanda take, a hannu ake ɗaukarta a ruga da ita zuwa layin ƙarshe. A talabijin ƙartai ne da hulunan kwano suna ragargaza juna. Namu na cikin gidajen ba haka yake ba. Kowa ƙyalle biyu yake ratayawa a ƙugu. In ka fizge ƙyallen mai ƙwallo, ka tsayar da shi ke nan. Ba riƙo, ba kaye. Injiniyoyi da ma'aikatan ofis suna da ƙungiyoyinsu, mu muna kallo daga bayan waya, har ranar da Baba Harouna ya je ya roƙi mudir, wato shugaban gidajen, ya bar leburori su ma su kafa tasu. Mudir ya yarda, amma da ka ga fuskarsa ka san yardar ba ta kai zuci ba.

Baba Harouna bai damu da masu kai hari ba. Su ya bar wa wani ɗan Sudan. Shi tsaron baya ne abin sonsa. Wani Ba'amurke da ya taɓa zama a gidajen ya saba aiko masa da faifan wasannin babbar ƙungiyar garinsu. Safiyar Juma'a sai ya tara mu a ɗakin ajiyar kayan lambu, mu zauna a kan buhunan taki, ya kashe muryar talabijin tunda ba Turanci yake ji ba, ya ce kada wanda ya kalli ƙwallo, masu tsaro za mu kalla. Bara 'yan bayan ƙungiyar nan kamar ganuwa suke. Bana kuwa kowa ya zo sai ya ratsa su.

Na ce, "Baba, wai me ya same su ne? Bara ko ƙuda ba ya wuce su."

Ya ce, "Bara kowa ƙofarsa yake tsaro. Bana kowa so yake a nuno fuskarsa. Dubi wancan, ya bar wurinsa ya bi ƙwallo kamar akuya ta ga dusa. Uwaisu, ɗan'uwanka ne, na rantse Bakano ne."

Na ce, "Haba Baba, Bakano ba ya barin ƙofa sai ya hango riba. Wannan gudun ba lissafi, ai na Badamagare ne."

Ya jefe ni da hularsa. Haka muke da shi, tsakanin Kano da Damagaram ba a fushi.

Sai Laouali ya shigo ƙungiyar. Mutumin ƙasar Maradi ne, ɗan dako a siton kamfani, bai shekara a Saudiyya ba. Kafin ya zo ɗan kokawa ne, kuma 'yan garinsu sun shaida cewa gadon bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Ga gudu, ga ido, ga ƙirji kamar ƙofar gari. Matarsa Delou da 'ya'yansa da tsohuwarsa duk hannunsa suke kallo.

A wasansa na biyu abin ya faru. Wani ma'aikacin ofis ya taho da ƙwallo a guje, ya nufo shi gaba da gaba. Laouali bai yi shawara da kowa ba, jikinsa ne ya yi abin da ya koya tun yana yaro. Ya sunkuya, ya rungumi mutumin, ya ɗaga shi sama, ya shimfiɗe shi a ƙasa. Har ya ɗaga hannu yana juyi, yana jiran a sa masa kiɗa. Ba kiɗa. Filin ya yi tsit, sai nishin mutumin da kafaɗarsa ta goce.

Wanda bai yi zaman ƙasar nan ba ba zai gane irin tsoron da ya kama mu ba. Kamfanin da ke da gidajen shi ne kafilinmu duka, wato zamanmu a ƙasar a hannunsa yake. Sa hannu ɗaya ya isa a soke iƙamar mutum, a kai shi filin jirgi da jakarsa. Mudir ya ce gobe-goben nan za a fara shirin mayar da Laouali gida.

Mai shayin ofis ne ya ba mu labarin abin da ya biyo baya. Ya ce Baba Harouna ya shiga da taɓo a ƙafarsa, aka nuna masa kujera ya ƙi zama. Da Larabcinsa na kasuwa ya bayyana wa mudir mece ce kokawa, ya nuna masa kunnensa da ya murɗe, ya ce shi ma ɗan kokawa ne a da, kuma yaron ba mugunta ya yi ba. Mudir ya ce halas, ya gama magana. Baba bai motsa ba. Aka kira sallar Azahar, suka je suka dawo, ya koma inda yake tsaye. Daga ƙarshe mudir ya ce to, ya ji. Amma in Laouali ya ƙara kai wani ƙasa, ko da kuskure ne, zai tafi, kuma ƙungiyar leburori ta mutu.

Dukanmu muka ce a cire Laouali daga wasa, a huta. Shi kansa abin da ya roƙa ke nan. Baba Harouna ya ƙi.

Ya ce, "In na zaunar da kai, jikinka bai koyi komai ba. Gobe a sito wani zai bangaje ka, ka ɗaga shi, kuma ba na wurin. Gara ka koya a nan, a kan ciyawa, ina kallo."

Juma'ar da ta zagayo ya zo da ledar dabino, irin mai laushin nan da ko yatsa ka ɗora masa sai ya lotsa. Ya ɗauki ɗaya ya sa wa Laouali a tafin hannun hagu, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Ba a kaye da hannu ɗaya," in ji shi. "Dama ta ƙyalle ce, hagu ta dabino. Duk aka busa usur ka buɗe mini hannu. In na ga ya dame, ka fita ka zauna."

Ranar farko Laouali ya dama kusan rabin leda. Hannunsa ya yi danƙo, ƙudaje suka bi shi, mu kuma muka samu abin tsokana. Muna ce masa mai kunun dabino. Ya yi fushi ya jefar da ƙyallensa, ya ce shi ba yaro ba ne. Baba ya tsince su ya kakkaɓe, ya ce, "Delou ta san kana nan kana zaɓe tsakanin girman kai da tuwon 'ya'yanta?" Laouali ya karɓa ya mayar ƙugu.

Baba Harouna, kai ne ka ga mutum a inda kowa ya ga matsala. Kai ne ka san cewa ƙarfi ba shi da wuyar samu a cikinmu, mu da muke ɗaukar buhu tun safe, riƙe shi ne aiki. Giwa mai taka ƙwai bai fashe ba.

Sannu a hankali dabino ya fara kwana lafiya. Tsaronmu kuma ya zama abin magana a gidajen. Ba mu iya cin maki da yawa ba, masu kai harinmu ƙwallo na zame musu kamar sabulu, amma mu ma ba a cin mu. Kowa ya tsaya a ƙofarsa. Haka muka lallaɓa har wasan ƙarshe.

Da ƙungiyar injiniyoyi muka haɗu, bayan La'asar, lokacin sanyi. An kafa rumfa, mudir na zaune a gaba. A cikinsu akwai wani dogo da muke kira Raƙumi, abokin wanda kafaɗarsa ta goce ne, kuma bai yafe ba. Tun da aka fara yake neman Laouali. In ya wuce sai ya goge shi da kafaɗa. In an tsaya sai ya matso ya buɗe hannuwa yana cewa da Larabci, "Yalla sadik, zo aboki, ɗaga ni mana." Alƙalin wasa bai gani ba, ko ya gani ya kau da kai.

Ni ne a gefen Laouali, ina jin numfashinsa. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Da aka busa usur ya buɗe hannu, na ga dabinon ya fara tsagewa ta gefe.

Muna gaba da maki kaɗan, lokaci ya kusa cika, su kuma sun kawo ƙwallo dab da layinmu. Dama ɗaya ta rage musu. Baba ya nemi a tsaya, muka kewaye shi.

Na ce, "Baba, don Allah fitar da shi. Kofin gasa ba iƙama ba ne. Wallahi wurinsa za su biyo."

Ya ce, "Na sani, Bakano. Rufe baki ka tsare ƙofarka." Ya juya ga Laouali. "Kana so ka fita? In ka fita ba wanda zai zage ka."

Laouali ya dubi hannunsa na hagu. Sannan ya ce, "Baba, in ya taho da ƙarfi, ban san abin da jikina zai yi ba."

Baba ya ciro sabon dabino daga aljihu ya sa masa a hannu. Ya yi ƙasa da murya, amma na ji. "A gida an hana ka faɗuwa. A nan ba wanda ya hana ka."

Aka jera. Aka miƙa wa Raƙumi ƙwallo, ya yi kamar zai biyo ta wurina. Ƙafata ta so ta bi shi, na danne ta. Da ya ga ba hanya sai ya karkata, ya sunkuyar da kai, ya nufi ƙirjin Laouali da dukan ƙarfinsa. Na ga gwiwoyin Laouali sun lanƙwashe, na ga kafaɗunsa sun buɗe, irin tsayuwar nan da muka gani ranar da ya ɗaga mutum. Na ce shi ke nan, Delou, mijinki ya dawo.

Suka haɗu, ji kake tim! Mutum ɗaya ya tafi ƙasa, ƙura ta tashi daga farin layin. Alƙali ya jefa tutarsa rawaya, alamar an yi laifi. Mudir ya miƙe tsaye.

Raƙumi ne a tsaye, ya tsallake layi yana ihu. Wanda ke ƙasa Laouali ne, kwance a kan gadon bayansa, bayan da duk ƙasar Maradi ba a samu mai kai shi ƙasa ba. Ya ɗaga hannun dama, ga ƙyallen Raƙumi. Alƙali ya tsaya yana magana da mataimakinsa. Can ya juyo ya nuna Raƙumi: shi ne ya bangaji mai tsaro, kuma an fizge ƙyallensa kafin ya kai layi. Mudir ya koma ya zauna.

Mu muna ta tsalle, Baba Harouna bai ko dube mu ba. Ya taka a hankali har inda Laouali yake kwance, ya tsuguna, ya ce, "Buɗe."

Ya buɗe hannun hagu. Dabino na nan lafiya lau.

Laouali ya rufe fuska da damtse. Ya ce, "Baba, an kada ni. In aka ji a gida fa?"

"Wa zai faɗa? Bakanon nan? Wa ke yarda da maganar Bakano?" Ya ɗauki dabinon, ya hure ƙurar, ya yi bisimilla ya jefa a baki. "Tashi, kana lalata mini ciyawa."

Baba, ka yafe mini, ga shi na faɗa, kuma Laouali da kansa ya ce in rubuta. Yana nan a sito har yau. Kwanakin baya wani direba ya zage shi, ya cakumi rigarsa a gaban mutane. Waɗanda ke wurin sun ce Laouali ya dunƙule hannun hagu kamar mai riƙe da wani abu, ya tsaya har mutumin ya gaji ya sake shi.

Mun gode, Baba Harouna. Allah Ya kai ka Damagaram lafiya, Ya hutar da gwiwoyinka, Ya sa ka tarar da iyali cikin alheri. Ku kuma manyanmu da kuka daɗe a ƙasar nan, ga samari nan suna sauka daga jirgi kullum, jini na tafasa, ba su san inda ramukan suke ba. Kada ku tsaya jiran ranar da za a soke wa yaro iƙama sannan ku ce dama kun faɗa. Ku ja shi a jiki tun yau, ku sa masa wani abu a hannu.

Jiya Baba ya damƙa wa Laouali faifan wasannin da usur ɗinsa. Ni kuma ya miƙo mini ledar dabino, ya ce saura ni.