Layi na Biyu

Shekara talatin da takwas Orest Dmytriw ya yi yana gyaran ƙanƙara a kulob ɗin kalin na garinsu, wasan da ake tura dutse a kan ƙanƙara zuwa cikin da'ira, can tsakiyar gonakin alkama na Saskatchewan a Kanada. Bai taɓa cin kofi ba, ko tura dutsen ma bai iya sosai ba. Yayyafi ne gwanintarsa: ya goya tankin ruwan ɗumi, ya riƙa tafiya da baya yana kaɗa tiyo dama da hagu, ɗigon ya daskare daidai wa daida, duwatsu su bi ta kai sumul. Aikin duk a wuyan hannu yake. Wuyan hannun nan kuwa shekara uku ke nan da ya fara rawa.

Bai gaya wa kowa ba. Hannun dama kullum yana aljihu, shayi ma da hagu yake sha. Matarsa ta rasu, 'ya'yan sun tare a Calgary. In aka raba shi da ɗakin sanyin nan, ba shi da inda zai sa kansa.

Ranar da 'yan wasan Scotland masu zagayen ƙasa suka iso, mata sun kwana biyu suna naɗa kabeji da nama. Baƙin suka sauko daga bas, ƙirjin kowa cike da bajojin kulob-kulob. Arlene Friesen, shugabar kulob mai bakin tsiya, ta dubi Orest sama da ƙasa.

"A'a! Tsoho an aske gemu. Wa za ka aura cikin baƙin?"

"Ke dai ji da tsintsiyarki ta wasa," in ji shi.

A layi na biyu na filin ƙanƙarar aka haɗa 'yan wasan Arlene huɗu karawa da na jagoran baƙin, wani dattijo mai suna Murdo Galbraith. Orest na kallo ta bayan gilashi. Murdo ya kafa tsintsiya inda duk mai hankali zai kafa don mai turo dutse ya saita ta. Dutse ya taho lafiya lau, dab da da'ira sai ya zame ya nufi bango. Na biyu ma haka. Murdo ya sosa ƙeya.

Da aka zo kan Arlene, ko tunani ba ta tsaya yi ba, ta kafa tsintsiyarta kamu guda gefe. Mai turowa bai tambaye ta dalili ba. Dutsen ya zame yadda na Murdo ya yi, ya zo ya zauna tsakiyar da'ira. Su huɗun duk haka suka yi ta yi. Orest ya gane yayyafinsa ne ya karkata layin. Ba yau suka koyi wannan ba.

'Yan gida suka ci, suka saya wa baƙi abin sha kamar yadda aka saba. A wurin cin abinci Murdo ya miƙe, ya yaba girki, ya yaba mai ƙanƙara, ya miƙa wa Orest bajon kulob ɗinsu. Dole hannun dama ya fito. Sau uku allurar bajon tana kuskure rigar, kowa na kallo. Arlene ta taso ta maƙala masa.

"Tun yaushe?" ya tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe me?"

"Layi na biyu."

Ta sunkuyar da kai. "Shekara uku. Haba Orest, mun saba. Ba wanda ya damu."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ashe duk "sannu da aiki" da ake masa sadaka ce.

Ƙarfe huɗu bas ta tashi da baƙi suna ɗaga hannu. Orest ya wanke tankin, ya rataye shi, ya ajiye mabuɗin ɗakin inji kusa da jakar Arlene. Ya shiga motarsa ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Ya daɗe bai tayar da ita ba, don bai san inda za shi ba.