Ranar da Na Bar Ummi Wajen 'Yan Gem

Har gobe ban mance wata ranar kasuwa ta bazarar bara ba, lokacin lodin albasa, ranar da na ba ƙattin maza amanar ɗiyata sunka sake ta saboda wata yarinya da babu ita a duniya. Ku da kunka shigo aiki bana kuna ta tambayata mi ya sa nake goyon Ummi har yanzu, ga ta da wayonta da surutunta. To ku saurara.

Shagonmu kun san shi, bayan kasuwar Goronyo, daura da filin da manyan motoci ke tsayawa. Na yayan mijina ne, Yaya Bello, shi ne oga. Ɗakin gaba na cajin waya ne, na ciki na gem, wato wasan da ake bugawa a talabijin. Nasiru ne manaja, shi ke kula da sola da batura da talabijin da na'urar gem ɗin. Ni kuwa anka ajiye ni tagar mata. Dalili, matan ƙauyukan Taloka da Magarya ba su yarda su miƙa wa namiji waya, don an sha buɗe musu hotuna. Aikina in karɓi waya, in kashe ta a gaban mai ita, in manna mata lamba, in ba matar kati mai lamba irin ta, sannan in jona. Wadda ba ta zo da kati ba, ba ta karɓar waya, ko uwata ce.

Tsakanina da ɗakin gem langa-langa ne kawai, don haka duk abin da ake faɗi cikin kunnena yake sauka. Akwai wani gem da ya cinye musu hankali. Sunanshi na Turanci ne, bakina bai iya shi. Ban taɓa riƙe abin bugawar ba, amma labarin na haddace shi ba da sona ba. Wani jarumi ne mai tabo a fuska, shina yawo daji daji da takobi, shina kashe dodanni, shina tara layu da sulke. Mai bugawa ne ke zaɓa mishi abin da zai faɗi da wanda zai yi abota da shi. Shina tare da wata 'yar marainiya da ya tsinta. A ƙarshen kashi na farko wani ƙaton tsuntsu ya sure yarinyar ya yi cikin duwatsu da ita, sai gem ya ƙare. Shekara da shekaru ke nan suna jiran kashi na biyu su ji ko tana raye.

Ni ban taɓa ganin jira irin wanga ba. Mai jiran ruwan shuka bai kai su zullumi ba.

Manyansu uku ne. Akwai Nasiru. Akwai Dogo, ɗan wani dillalin albasa, wanda ubanshi ke aikowa ya tsaya kan lodi, shi kuwa sai ya faɗo mana shago. Sai Malam Sirajo, malamin firamare daga Wurno, mai mata da 'ya'ya, wanda ke hawo mashin cikin rana don kawai ya zo ya yi gardama.

Kullum da sabon abin tsoro. Yau Nasiru ya ce ya ji sabon ba zai hau tsohuwar na'urarmu ba, sai ya zauna ya zuba mata ido kamar maras lafiya. Gobe a ce sai da intanet zai yi aiki, sai Dogo ya ce, "Mun mutu! Sabis ɗin garin ga da sai ka hau kan buhu kake samun sanda biyu?" Jibi a ce an canja wa jarumin murya. Malam Sirajo ya kwana biyu shina cewa an ci amanarsu. Amana, ku ji fa. Ku riƙe wannan kalma.

Ni kuma ni ce abin dariyarsu. Sun sa mini suna Hajiya Firgita, don ina bin soket ina toshewa da salatif, ina ɗage wayoyin wuta sama, ina leƙa ƙofar baya ko an rufe. Ummi lokacin ba ta cika shekara uku ba, ƙafa gare ta kamar ɗan akuya. Malam Sirajo har wa'azi ya taɓa yi mini. Ya ce, "Luba, yawan tsoro shina raunana yaro. Mu da muka karanci tarbiyya mun san haka." Na ce to, Malam.

Ranar da nake ba ku labari, tun hantsi na ji ɗakin ya ɗau ihu. Wai masu gem sun saki ɗan guntun bidiyo na talla. Kafin azahar ɗakin ya cika maƙil. Sabis ya ƙi, sai da Dogo ya hau rufin kwano da waya a hannu kafin ya sauke musu shi, sannan Nasiru ya jona a talabijin.

Abin da suke yi da bidiyon shi ne abin kallo. Bai fi tsawon alwala ba, amma ba su barinshi ya tafi. Su tsayar, su mayar baya, su tsayar, su matso da fuska har hanci na taɓa gilashi. A wani wuri an nuno bakin kogo, ga wani abu a gefe kamar inuwa.

"Hannunta ne!" in ji Nasiru. "Wallahi hannunta ne, ga mundayen!"

"Kai tafi can, reshen itace ne," in ji Dogo.

"Reshe na da yatsu? Mayar baya!"

"Ku yi mini shiru," in ji Malam Sirajo. "Ku dubi tsawon inuwar. Yarinya ce, kuma ta girma. In sunka kashe ta, ni da gem ɗin ga har abada."

Ana cikin haka Yaya Bello ya kira ni. Masu abinci na cikin kasuwa ba su iya barin tukunya ranar kasuwa, don haka ƙa'ida ce in wayoyinsu sun cika ni ke kai musu, in karɓo katin. Na dubi rana, ta take tsaka, ƙasa na ƙuna. Ummi ba ta daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, tana barci kan tabarma a kusurwar ɗakin gem, don nan ne kaɗai ke da fanka. Na ce ba ni tada ta in shiga rana da ita.

Kun san yadda muke. Mace na barin ɗanta wajen majalisar maza ta je ta dawo, muddin ta damƙa shi ga babbansu da bakinta. Haka muka taso muka gani. Na tsaya bakin ƙofa na ce, "Malam Sirajo, ga Ummi nan, amana. Yanzu in dawo."

Ya ɗaga hannu, bai juyo ba. "Je ki, Hajiya Firgita. Muna nan."

Na maimaita. Ya ce, "Na ji mana!"

Na tafi da saurina, zuciyata ba ta kwanta ba. Mai tuwo ta riƙe ni tana neman katinta cikin zane, mai awara ta ce sai na kunna ta gani. Na dawo kusan da gudu. Ina shiga na dubi kusurwa. Tabarma ce kawai, da takalminta ɗaya.

"Ina Ummi?"

Ba wanda ya ji. Suna kan kogon nan.

Na miƙa hannu na zare wayar talabijin daga bango. Sunka yi ca a kaina, Nasiru har da cewa za ni lalata mishi kaya. Na ce, "Malam, ina ɗiyata?"

Ya dubi tabarma, ya dube ni. Ya ce, "Yanzun ga tana nan."

"Yaushe?"

Mutanen da sunka ƙirga mundaye a hannun inuwa, ba ɗaya da ya san ko ta gaba ta fita ko ta baya. Ƙofar baya a buɗe take, wani ya buɗe don zafi. Ta gaba kasuwa ce, dubban mutane. Ta baya, in ka yi dama rijiyar maƙwabta ce, in ka yi hagu filin lodi. Na tsaya tsakiyar ɗaki, ban san ina zan nufa ba. Yaya Bello ya shigo shina salati.

Sai Dogo ya ce, "Tsaya! Wayata!"

Ashe tun farko ya jingina wayarshi kan batir tana ɗaukar fuskokinsu. Wai haka masoyan gem ke yi, su ɗauki kansu suna kallon talla suna ihu, su sa a intanet duniya ta ga yadda sunka ji. Ya fizgo ta, ya fara abin da sunka fi iyawa: mayar baya, tsayar, mayar baya.

Munka duƙa kanta gaba ɗaya. Ga su nan jere, baki buɗe, ido waje. A bayansu, can ƙasa, ga Ummi ta tashi zaune tana murza ido. Ta miƙe. Ta tako ta ratsa tsakanin ƙafafunsu. Ta je wajen Malam Sirajo, ta kama gefen rigarshi ta ja. Bakinta na motsi, na san ni take tambaya. Ta sake ja. Shi kuwa, idonshi na kan talabijin, ya sa hannu ya ture nata kamar mai korar ƙuda. Ana jin muryarshi sarai shina cewa, "In sunka bar yarinyar ga ta mutu, ba su da imani."

Ummi ta ɗan tsaya. Sannan ta juya ta fita ƙofar baya, ta yi hagu.

Ban san yadda na isa filin ba. Motoci jere, 'yan dako na gudu da buhuna, ƙura da warin albasa. Ina ta kiran sunanta. Na san halinta, in rana ta dame ta inuwa take nema, kuma inuwa ɗaya ce a filin nan. Na faɗi ƙasa na fara leƙa ƙarƙashin motoci da rarrafe. A ta ƙarshe, wadda anka gama ɗaure wa tamfol, na hango ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Tana zaune jingine da tayar baya, tana ɓare wata albasa da ta faɗo. Direba ya riga ya tada injin.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kan Dogo: shi ya sha gaban motar ya ɗaga hannu biyu shina ihu har direban ya kashe. Ni na shige ƙarƙashi na jawo ta. Ba ta ko yi kuka ba. Miƙo mini albasar ta yi. Ni ce na yi kukan, zaune cikin ƙura, 'yan dako sun zagaye ni. Direban ya sauko ya ga inda take, ya dafe kai ya zauna a ƙasa shi ma.

Da muka koma, Yaya Bello ya sa anka sake kunna bidiyon Dogo a gabanshi, tun daga farko. Ya kalla har ƙarshe. Sannan ya ce, "Malam, yara nawa ke ajinka?"

Malam Sirajo ya sunkuyar da kai. Ya ba ni haƙuri, ya ce shaiɗan ne. Daga baya ya ja Dogo gefe shina raɗa, na ji shi ta langa-langa, wai a goge, kar ya kai Wurno. Na zagayo na ce, "Dogo, tura mini tukuna." Ya tura. Yana nan cikin wayata, duk wadda ke so ta zo in nuna mata.

Oga ya sa doka ranar: ƙofar baya da kwaɗo, makulli wajena. Ɗakin gem kuma ya rufe shi sai washegari. Kun san mi? Kafin la'asar na fito zubar da ruwa, na iske su tsugune bayan shago, kai haɗe kan waya ɗaya. Na ji Nasiru a hankali shina cewa, "Amma fa hannunta ne."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mutanen ga ba mugaye ba ne, sun yi gudun nemanta, Dogo har ya tsaya gaban mota. Amma mu a shagon ga, abin da muke ba wuta shi ne abin da ke ɗauke wa mutum ido. Wanda ke kallon gilashi, ko ya amsa miki, bai ji ba. Waya kanta ba mu ba da ita sai mun ga kati, amma ni na ba da ɗiya ga wanda ya ɗaga mini hannu kawai. Yanzu in zan ba da amana, sai mutum ya kife wayarshi, ya dube ni, ya kira sunan yarinyar da bakinshi. In bai iya ba, in goya abina.

Gem ɗin kuwa har yau bai fito ba, an sake ɗage shi. Malam Sirajo ya dawo zuwa, shina ta cewa an wulaƙanta su, ba a san zafin jira ba. Rannan ya ganni da Ummi a baya ya ce, "Luba, har yanzu goyo?"

Na ce, "Awo, Malam. Tawa dai na san inda take. Taku fa, an gan ta?"