Koci Dusuma da Ƙaryar Bakwai da Nema

Shekara huɗu ke nan cif da rasuwar Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata. Akwai kuma wata wauta tawa da na ɓoye shekara biyar, sai makon jiya na fasa ta, yau kuma ga ta a jarida kowa ya huta. Ni ne yaron da ya ɗauki wayarsa a Gagarawa.

Kawu direban babbar mota ne, yana jigilar hatsi daga Gumel zuwa Damagaram ta Maigatari. Da ciwon gwiwa ya raba shi da tuƙi, sai ya karɓi horar da ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, Guguwa. Sunan ne kawai abin tsoro. Guguwarmu ko leda ba ta ɗagawa. Har awakin da ke kiwo a bakin fili sun san mu, da an busa usur sai su juya mana baya don kunya.

A can ƙetare ya tsinto wata kalmar Faransanci, “dusuma”, wato a hankali. Ɗan baya ya doka ƙwallo sama kamar mai jifan shaho, sai ka ji, “Dusuma!” Ɗan gaba ya yi satar gida, “Dusuma!” Ko shayi ka kurɓa da zafi a gabansa sai ka sha ta. Da haka sunansa ya ɓace, ya koma Koci Dusuma.

Ranar da ya karɓi usur, abu biyu ya roƙi kwamiti: a ba shi shekara biyu kafin a yi masa hukunci, a kuma bar shi ya zaɓi ’yan wasansa da kansa. Alhaji Ciyaman, dillalin shanun da ke saya mana jesi da ƙwallaye, ya ce ya amince. Amma duk ranar wasa sai ga ɗan acaɓa da takarda, cike da sunayen ’ya’yan abokan Alhaji. Kawu ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu, ya zuba yaran da suka zo atisaye. Kafin zuwansa biyar ko shida ake zura mana. Cikin wata takwas ya mai da su biyu, ya mai da su ɗaya. Babu wanda ya lura da wannan. Abin da aka gani kawai, har yanzu ba mu ci wasa ba.

Wata Alhamis muka je Gagarawa, ina da shekara sha biyu. Aka ci mu ɗaya da nema, a minti na ƙarshe. Kawu ya miƙo mini wayarsa ya tafi alwala, sai ga kiran Alhaji daga kasuwar shanu ta Maigatari.

“Kai wane ne? Nawa aka tashi?”

Ni kuwa tun ina ƙarami, in na ga ɓera sai na ce tunkiya na gani. Na ce, “Alhaji, bakwai! Golanmu har bayansa ya ƙage don sunkuyo. Ba don lokaci ya ƙare ba da sun cika goma!”

Na jira dariya. Sai na ji ƙit, ya kashe.

Ashe a gaban dillalai yake, wayar kuma a buɗe, duk sun ji. Suka yi ta tsokanarsa, shi kuma ya rantse a nan take cewa Ilu ya gama koci. Washegari da aka faɗa masa gaskiya, cewa ya yi, “Ɗaya ko bakwai, ci dai ci ne. Na riga na rantse.” Ya nemi sanin yaron da ya ɗauki wayar. Kawu ya ce, “Wayata ce, Alhaji. Ka ɗauka ni na faɗa.” Ya tuɓe usur daga wuya ya ajiye a kan benci.

Bai taɓa yi mini maganar ba. Na jira mari, na jira a kai ƙarata wajen Inna, shiru. Abin da ya yi, ya ja ni bayan gida da tsohuwar ƙwallo, ya ce, “Nafi’u, bakinka ya fi ƙafarka gudu. Gola za ka zama, shi ne mai aiki da baki.” Kullum bayan la’asar yana jefo mini ƙwallo ina faɗuwa a yashi. Ranar wasa kuma sai ya zauna can nesa ƙarƙashin darbejiya, ba ya cewa komai, amma ina hango leɓɓansa suna motsi. Na san kalmar. Shekara guda bayan nan ya kwanta jinya, kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Ban ce masa ya yafe mini ba. Kullum sai in ce gobe.

Da zai leƙo yau, ban san ko dariya zai yi ko tsaki ba. Koci shida muka yi bayansa. Mai shayin bakin fili ya daina tambayar sunayensu, ya ce kafin shayi ya huce an sauya wani. Kowane ya zo sai ya rushe abin da na baya ya fara, mu kuwa ’yan wasa mun gane cewa ba sai mun ji maganar koci ba, tunda mun san za mu fi shi daɗewa a ƙungiya. Ba na cewa kowane koci a haƙura da shi. Akwai wanda ba ma ganinsa sai ranar wasa, ya zo yana ƙamshin turare, wannan ko ni na taya kora. Amma mutumin da ke riga kowa zuwa fili, yaran kuma suna gyaruwa a hannunsa, me ake ci da gaggawar korarsa? Kuma yaya za a kama shi da laifin ’yan wasan da ba shi ya zaɓa ba?

Usur ɗinsa ya bi wuya shida, har fentin ya goge. Kalmar ce ba ta goge ba. Yanzu ni ne golan Guguwa, in na ga ’yan bayana sun rikice, ba na sanin lokacin da take fita daga bakina. Ƙananan yaran da ba su taɓa ganinsa ba suna ihunta a lungu, wasu ma sun ɗauka sunan wani ɗan wasan Turai ne. Duk sanda na ji, sai in waiga wajen darbejiyar nan.

Juma’ar da ta wuce kwamiti ya zauna a kan kocinmu na yanzu, Malam Sabo, malamin firamare da ke zuwa daga Ɗanzomo a kan babur. An ci mu sau uku a jere, za a sallame shi. Na miƙe, na faɗi labarin wayar tun daga farko.

Alhaji ya ce, “Au! Ashe kai ne ɗan banzan yaron nan?”

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Sai ya ce, “Allah ya jiƙan Ilu.” Aka bar Malam Sabo zuwa ƙarshen kakar wasa. Takardar sunayen da ɗan acaɓa ke kawowa kuwa, Alhaji ya ce zai rage ta zuwa suna biyu.

Ranar Asabar muka je Sule Tankarkar, ni ne a raga. An ci mu ɗaya da nema. Ɗaya ce, ban ƙara komai ba. Litinin da safe Malam Sabo ne ya busa usur.